Dakta A-Sake da Darar da Ta Bar wa Baba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ranki a kan matakalar ginin da muke aiki, kina hawowa da fulas ɗin shayinki a hannu. Daga gare Shi muka fito, kuma can za mu koma. Na sha faɗa wa mutane wannan magana a gidajen makoki, amma ranar nan sai da wani ya fara faɗa sannan bakina ya iya bi.

Ina ɗakin sanyi, inda manyan kwamfutocinmu suke, na ji Dogo, abokin aikinmu, yana kirana da wata murya da ban san yana da ita ba. Ko da na fito, an kwantar da ke a kwanar matakala, wata ɗaliba ta rufe miki ƙafafu da mayafinta, fulas ɗin ya gangara har ƙasa. Likitan da muka kai ki wurinsa ya ce zuciya ce, kuma tun kafin mu sa ki a mota kin riga kin tafi. Na ce masa ya sake dubawa. Ko ciwon kai ba ki yi ba, Dakta. Ba ki cika hamsin ba. Da safen nan kika leƙo ɗakina kika ce in daina cire takalmi kusa da na'urar sanyaya ɗaki, don ɗalibai sun fara kawo ƙara. Maganarki ta ƙarshe da ni ke nan, maganar takalmi. Har yanzu da nake rubuta wannan, ji nake wani zai turo ƙofa ya ce an yi kuskure.

Ba duk masu karanta wannan ne suka san ki ba, don haka bari in faɗa musu aikinki, ko da yake na san da kina nan da kin gyara mini rabin abin da zan ce. Ke ce shugabar ɗakin bincikenmu, ni kuma mai kula da kwamfutoci da bayanan da muke tarawa. Fanninki ƙirƙirarriyar basira ne, kuma abin da kika sa gaba shi ne wasan dara, irin ta allo mai gidaje baƙi da fari. Mutane kan yi dariya idan suka ji. Wani ɗan'uwanki ya taɓa tambayarki a gabana, wai duk karatun nan da kika yi a kan dara ya ƙare? Kika ce masa eh, kuma har yanzu ba ki gama gane ta ba.

Sa kwamfuta ta cinye mutum a dara abu ne da aka daɗe da gamawa, kuma bai taɓa burge ki ba. Damuwarki tsofaffi ne masu wuni su kaɗai, da majinyatan da ke farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki, waɗanda likitoci ke so su riƙa wasa don ƙwaƙwalwa ta motsa. In na'ura ta cinye su kullum, sai su ajiye wayar. In ta riƙa yin wauta don su ci, sai su gane, su ji an raina su, su ajiye wayar da fushi. Kina neman na'urar da za ta yi wasa kamar mutumin da yake ƙaunarka: ta matsa maka har gumi ya fito, sannan ta sakar maka hanya ba tare da ka ga hannunta ba.

Ba zan manta ranar da kika juya mana aikin gaba ɗaya ba. Mun tara wasanni masu ɗimbin yawa daga mutanen da suka yarda a ɗauki wasansu, kuma kamar yadda kowa ke yi a sana'ar nan, mun tace su, mun zubar da duk bugun da lissafi ya ce kuskure ne, don kada na'ura ta koyi shirme. Kika shigo kika ce a dawo da abin da aka zubar. Dogo ya ce, “Dakta, shara ce fa.” Kika haska mana wasa ɗaya a jikin bango, na wani makanike da matarsa wadda ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba. Mutumin gwani ne, duk wasanninsa da abokai sun nuna haka. Amma da matarsa, duk sanda ta yi jinkiri da yawa, sai ya ajiye ɗa a inda za ta iya ci, ba a fili ba, sai ta ɗan yi tunani za ta gano. Kika ce, “Wannan kuka kira shara. Ni shi nake nema tun da na fara aikin nan.” Daga ranar muka daina zubar da kurakurai, muka koma rarrabe su: wannan rashin sani ne, wannan gajiya ce, wannan kuma kyauta ce.

Abin dariyar, wanda kowa ya sani kuma ba wanda ya isa ya faɗa a gabanki, shi ne ke da kike koya wa na'ura sakin wasa ba ki iya faɗuwa ba. In aka cinye ki a allon da ke kan teburin shayi, kafin mutum ya gama murmushi kin tattara 'ya'yan kin ce, “A sake.” In gwaji ya ba da sakamako mai kyau, a sake. In ya ba da mara kyau, a sake. Nan ɗalibai suka samo miki suna Dakta A-Sake, suna ta ɓoyewa, ba su san ke kika sa aka rubuta shi a jikin kofinki ba.

Alherinki ba mai surutu ba ne. Lokacin da haihuwa ta zo wa matata da gardama, ina tsaye a barandar asibiti ban san inda zan sa kaina ba, sai ga ki da tabarma da ruwa da cajar waya. Ba ki ce mini komai zai yi daidai ba, don ba kya faɗin abin da ba ki da tabbacinsa. Kin dai zauna har aka fito da su lafiya, sannan kika ce in na kuskura na zo ofis a makon nan za ki sa mai gadi ya kore ni. Ɗalibanki kuma sun san duk takardar binciken da suka sha wahalarta sunansu ne a gaba, naki a ƙarshe. Amma a kan gaskiyar sakamako ba ki da sassauci ko kaɗan. Wata ɗaliba ta taɓa ɗan gyara wani adadi don ya yi kyan gani, kika zaunar da ita, ba faɗa ba tsawa, kika ce mata “ban sani ba” ma sakamako ne, kuma ya fi ƙarya mai kyan fuska. Yarinyar ta yi kuka, kika ba ta shayi, sannan kika ce a sake.

Yanzu zan zo kan abin da ya hana ni barci tun ranar, wanda kuma shi ya sa ta'aziyyar nan ta yi jinkiri.

Mahaifinki, Baba, tsohon malamin makaranta, shi ya koya miki dara. Yana zaune a gidan yayanki a ɗaya gefen gari, gwiwoyi sun hana shi fita, amma kansa garau. Ku biyun kuna da wasa a waya wanda ba ya yankewa: ya buga, ki buga in kin samu sarari, wani lokaci wasa ɗaya ya ci kwanaki. Da muka gina na'urar da ta koyi salonki daga tarin wasanninki, shi kika fara kai wa ita, kuma ba ki ɓoye masa komai ba. Kuka yi yarjejeniya. Duk sanda ya buga, kwamfuta za ta jefa ƙuri'a, ko ke ki amsa ko na'urar ta amsa da sunanki. In ƙuri'ar ta faɗo kanki kuma kika wuni ba ki amsa ba, na'urar za ta amsa. Aikinsa shi ne ya canka wa ya buga. Baba ya sa wa na'urar suna Auta, wai ta ƙwace miki autanci, kuma duk sanda na kai masa gaisuwa sai ya ce, “Yaya ƙanwar taku, kuna ba ta abinci kuwa?” A farko yana kama ta nan take. “Wannan ba Mamana ba ce,” in ji shi, don haka yake kiranki, “Mamana ba ta da haƙurin wannan bugu.” Sai ki dawo ofis kina huci, ki ce a sake. Muka koya wa Auta gaggawarki, muka koya mata jinkirinki, har lokutan da ba kya taɓa waya, na salla da na taro da na ɗauko yara daga makaranta, duk ta koya.

Don gwajin ya tsarkaka, bayanin wanda ya yi kowane bugu yana kulle da kalmar sirri, kuma ke kaɗai kika san ta. Sai ƙarshen wata kike buɗewa ku zauna da Baba ku duba inda ya canka daidai. Na taɓa cewa ya kamata a ce mutum biyu ne ke riƙe da ita. Kika yi dariya kika ce fuskata ba ta riƙe sirri, Baba zai kalle ni sau ɗaya ya karance ni tas. Duk muka yi dariya, aka bar maganar. Mu da muke ajiye kowane bayani a wuri uku don tsoron gobara da ɗaukewar wuta, ba wanda ya yi tunanin abin da zai faru in ke ce babu.

Kuma ba wanda ya tuna da Auta ranar Talata. Ni ne ya kamata in tuna, amma ranar ko hanyar gidana da ƙyar na gane. Da safiyar, kafin ki faɗi, wani bugu ya je wa Baba daga ɓangarenki. Ya amsa da nasa, yana jiran naki, sai labari ya riske shi. Aka yi jana'iza, aka dawo. Washegari Laraba, yana zaune a falon yayanki, mutane cike ana yi masa gaisuwa, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba. Hotonki ne, da rubutun da ya saba gani: ta buga, saura kai. Waɗanda ke wurin sun ce ya miƙe tsaye, mutumin da sai an kama shi yake tashi, ya ce, “Mamana,” yana waige-waige a ɗakin. Sai da yayanki ya riƙe shi ya zaunar.

Maigidanki ne ya kira ni. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, kuma na fi son a ce ya ɗaga. Ya ce, “Jiya muka binne ta. Yau abinku yana aika saƙo da sunanta. 'Ya'yanta suna ɗakin nan, sun ji. Ka je ka rufe shi yanzu.” Ban iya ko ba shi haƙuri da kyau ba. Na je ofis, na wuce ta matakalar nan ina bin jikin bango, na zauna a gaban kwamfuta. Hannuna na kai, sai ga kiran Baba. Ya ce kada in taɓa komai sai na zo.

Na same shi a ɗakinsa, wayar a kan gwiwa. Ya sallami kowa ya ce in rufe ƙofa. Ya nuna mini allon.

“Na yau na san na Auta ne,” ya ce. “Ban ruɗe ba, ɗana, na dai firgita. Wanda nake tambaya na safiyar Talata ne. Duba nan.”

Na duba. An ajiye masa ɗa a inda zai iya ci, ba a fili ba, sai ya yi tunani zai gano. Kyauta ce, irin wadda kika koya mana ganewa.

“Kwana biyu ba na jin daɗin jikina, ta kuma sani,” ya ce. “In ita ta buga wannan, to da ni a ranta ta tafi ranar. In kuwa Auta ce, to ban san yaushe Mamana ta yi mini magana ta ƙarshe ba. Kai ne mai bayanan. Ka duba mini.”

Na yi masa bayanin kalmar sirrin. Ya ce ya sani, amma ai mu masu nazari ne, mu yi nazari. Na roƙi maigidanki ya ba ni 'yan kwanaki, na cire hotonki daga saƙon, ya yarda ba da son ransa ba.

Dakta, duk abin da kika koya mana mun yi. Ni da Dogo muka baje wasanninki na shekaru, muka auna wannan bugu da kowane ma'auni da muke da shi. Muka duba lokacin da aka yi shi: kina ofis, kuma lokaci ne da kike yawan bugawa, wanda Auta ma ta san haka. Muka duba wayarki da izinin maigidanki, muka tarar ke da kanki kika sa manhajar wasan ba ta ajiye alamar wanda ya buga, don kada Baba ya sa jikokinsa su leƙa masa. Muka tambayi ɗalibai ko wani ya gan ki da waya a hannu. Wata ta ce ta gani, wani ya ce fulas ne kawai. Muka sake, muka kuma sakewa. Kowane lissafi sai ya tsaya a tsakiya, rabi da rabi. A nan ne abin ya dake ni, har na tashi na fita waje. Wannan shi ne sakamakon da kika yi shekaru kina nema. Auta ta kai inda ba mai iya bambanta ta da ke, ko mu da muka gina ta. Da kina raye, da ranar mun cika ginin nan da murna, ke kuma ki ce a sake. Ga shi ya zo, kuma ban taɓa ƙin wani sakamako kamarsa ba.

Dogo ya ce, “Ka ce masa ita ce kawai. Tsoho ne, wa zai cutu? Rabin gaskiya ma ai yana tare da kai.” Ban ga laifinsa ba, don ni ma abin da zuciyata ke faɗa ke nan. Har a mota ina shirya yadda zan faɗa, da yadda zan saita fuskata. Amma ina shiga na ga idonsa, na san ba zan iya ɗaukar aikinki in yi wa mahaifinki ƙarya da shi ba. Na durƙusa na ce, “Baba, mun duba ta kowace hanya. Ban sani ba.”

Ina jin ƙarar fanka da muryoyin mata a tsakar gida. Can ya ce, “Ko ku ba ku iya rabewa ba.” Na ce ko mu.

Sai ya juya wayar ya miƙo mini. Allon ba yadda na bar shi yake ba. Wasan ya yi nisa.

“Ban faɗa wa kowa ba,” ya ce. “Na ci gaba da bugawa. Na ce bari in yi ɗaya, in ga yadda za ta amsa. Ta amsa. Na ƙara. Jiya ta ɗana mini tarko irin na Mamana, na faɗa, na ji kaina ina dariya ni kaɗai a ɗakin nan, har na buɗe baki zan ce ja'ira. Yau da safe ina idar da salla, kafin in yi mata addu'a, hannuna wayar ya fara nema.”

Ya karɓi wayar daga hannuna, ya ci gaba.

“'Yata tana kabari tana buƙatar addu'ata, ni kuma ina nan ina jiran ƙarar waya. Ku kai wa wasu tsofaffin abinku, zai yi musu amfani, aikinta ne, kada ku bari ya mutu. Amma wannan mai salon Mamana, ka rufe ta, ɗana. Rufe ta yanzu, ina kallo, kafin in saba.”

Na buɗe kwamfutata a kan tabarmarsa. Da na gama na ce masa an rufe. Ya ce to. Ya kashe wayar ya sa ƙarƙashin matashi, ya ɗaga hannuwansa ya fara yi miki addu'a, ni kuma ina amsawa da amin har na kasa.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa, Ka yi mata rahama, Ka yalwata mata kabarinta Ka haskaka shi. Ka karɓi abin da ta yi na alheri, na fili da wanda ta ɓoye, Ka sa ilimin da ta bari ya zama mai gudana gare ta. Ta yi rayuwarta tana neman yadda za a sassauta wa mai rauni ba tare da an ci masa fuska ba, Ya Allah Ka sassauta mata hisabi.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Dogo da dukkan abokan aiki da ɗalibai, ga maigidanta, tare da neman afuwarsa a kan abin da ya faru ranar Laraba. Ga 'yan matanta biyu, Allah Ya raya ku Ya shirya ku, Ya zama gatanku. Ga yayanta da sauran dangi, Allah Ya ba ku juriya. Ga Baba kuma ban san me zan ce ba wanda bai fi ni sani ba. Allah Ya ba ka haƙurin kowace safiya da wayar za ta yi shiru, Ya haɗa ka da Mamanka a Aljanna, ita da kanta.